Wata Goma Sha Ɗaya

A shagon wanki na Hindawiyya, cikin Jidda,
inda tururi ke hana mu ganin agogo,
ni da Sumanapala muke raba dare:
shi ruwa da sabulu, ni dutsen guga.
Daga Siri Lanka ya zo, da jaka ɗaya
da farin zare ɗaure a wuyan hannu.
Larabcinsa gurgu, nawa na Umdurman,
da haka dai muke kai juna kasuwa.

Daren da aka bugo mini daga gida
cewa Baba Jibo ya cika,
ban yi kuka ba. Rigar wani na ƙona,
tabon dutse, baƙi ƙirin, daidai ƙirji.

Mutumin da ya sayar da keken ɗinkin Inna
bai ce mata uffan ba.
Mutumin da bai taɓa kiran sunana ba sai da tsawa.

Amma yana da labari guda da yake so.
Yana yaro, ya yi wa wani Bayahude dako,
Hawaja Ezra mai yadi, a bakin kasuwa.
Shi ya ce masa tasu wutar, Gehinnom,
ga yawancin mutane wata sha biyu ce kawai.
Wanki ce, in ji shi:
a jiƙa rai, a cuɗe, a matse, a shanya.
Ran Asabar ma hutawa take.
Nan Baba kan ƙyalƙyale har ya riƙe ciki:
"Wuta mai hutun mako, sai ka ce ma'aikacin gwamnati!"
Sai ya yi shiru, ya ƙara a hankali:
"Ɗa kuwa wata sha ɗaya yake yi wa uba addu'a.
In ya cika sha biyu,
ya shaida ke nan ubansa mugu ne."

Na ba Sumanapala wannan, ban san dalili ba.
Ya share kumfa a gefen wando, ya ce:
"Namu malamin, Buda, da ciwo ya fara.
Ya ce zaman duniya da ciwo yake tafe,
kuma uwar ciwon ƙishirwa ce:
son abin da ba ya zama,
riƙon abin da ya riga ya wuce.
Ƙishirwar tana mutuwa, akwai hanyar kashe ta,
a harshe, a hannu, a sana'a, a numfashi."

Na ce, "To wutar fa?"
Ya ce, "Abin da ka shuka yana biye da kai,
amma ba gidan da ake zama har abada.
Wanda ya yi maka tsawa ma, kogi ne,
ruwan jiya ba shi aka binne ba."
Ya miƙa hannu, ya zare wayar dutsena daga bango.
"Nibbana muke cewa. Ba a dukan wuta.
Itace ake daina ba ta."

Ni Musulmi ne, ɗan Musulmi.
Na san abin da aka karantar da ni
kan kabari, da mizani, da siraɗi,
ban ajiye ko ɗaya ba a daren nan.
Makomar Baba tana hannun Mai Rahama.
Wadda ke ƙirjina nake tambaya:
shekara talatin tana ci,
ba ta san Asabar ba, ba ta san Juma'a ba,
wa ke kai mata itace?

Mai shago ya cire riyal tamanin a albashina.
Na karɓi rigar, tunda na saye ta.
Tana rataye a ƙusa, bayan injin busarwa.

Yau wata na bakwai.
Da aka kira asuba a masallacin layinmu
na ambaci sunansa a sujada,
ya fito da ƙyar, kamar ƙashin kifi.
Da na dawo, Sumanapala na barci a kan buhun zannuwa.
Na taɓa dutsen. Da sauran ɗumi.