Ƙiftawar Madubi

Na hau jirgin ruwan ƙarfe tara daga Üsküdar,
tsohuwar kyamarata a rataye kamar ɗan dutsen niƙa.
Shekara goma sha huɗu tana cin kafaɗata ta hagu.
Likita ya ce in rage kaya, ko hannun ya daina ɗaguwa.

A Sirkeci, hawa na biyu, shagon Cevdet,
gilasan kyamara jere kamar idanun kifi a kan ƙanƙara.
Ya aiki yaro ya kawo shayi,
ya miƙo mini sabuwar, marar madubi.
Na ɗaga ta da ƙarfin da na saba,
hannuna ya zarce sama
kamar mai taka matakalar da babu ita.

Ya ce, “Ba nauyi, ba ƙara.
Da kanta take neman idon amarya ta riƙe,
ko ana rawa, ko fitilar zauren ta rage.
Abin da ka gani shi za ka samu.
Sai dai shan batir, ka sayi uku.
Tsofaffin gilasanka kuma sai da zoben haɗi.”

Na kara ido ta taga.
Ga titi, ga mai gasa masara, ga mage a kan kwali.
Amma ba titin ba ne, labarinsa ne:
wani ɗan talabijin ya riga ni gani,
ya wanke, ya goge, sannan ya miƙo mini.
Na danna. Shiru.
Kamar ka yi sallama a gidan da ba kowa.

Tawa kuwa, haske da ƙafarsa yake shigowa,
ya bugi madubi, ya hau, ya iske ƙwayar idona.
Sai dai a daidai lokacin da na danna
madubin ya ɗaga, ƙwas, duhu ya rufe ni.
Ƙiftawa ɗaya.
Duk hoton da na taɓa ɗauka, ban ga haihuwarsa ba,
a cikin wannan duhun aka yanke masa cibi.

Haka ranar nan a kan gadar Galata.
Gülizar na kallon masu kamun kifi, ta ba ni baya.
Na danna. Ta ji ƙarar, ta juyo,
iska ta zame mata ɗankwali,
ta ce, “Kai dai ba ka gajiya?”
Na sake dannawa.
Dariyar da ta yi ban gan ta ba
sai da dare, a fuskar kwamfuta.
Ita ce yanzu a saman kabad, damina uku ke nan,
nakan share mata ƙura ranar Juma’a.

Da sabuwar ce a hannuna, da na ga dariyar da idona.
Da sabuwar ce a hannuna, da me zai sa ta juyo?

Cevdet ya kifa tawa, ya duba ƙidayarta:
dannawa dubu ɗari uku da ɗoriya.
Ya rubuta tayinsa a bayan rasit, ya turo.
Na ce, “Ko jakarta ta fi haka.”
Ya ce, “Yaya, kasuwa ba ta san sabo ba.
Masu ƙera ta ma sun juya mata baya.”

Na sani. Sabo turken wawa, an faɗa,
kuma kafaɗa ba ta jin lallashi.
Yaran da ke ƙwace mini bukukuwa
duk marar madubi ce a wuyansu.
Shayina ya huce ban taɓa ba.

Na ce, “Asabar ina da biki a Beykoz.
Ara mini ita zuwa Litinin.”
Ya karɓi katina, ya yi dariya, ya naɗe ta.

Ga ni a jirgin komawa da kyamara biyu,
wanda aka ce ya rage kaya.
Wani tsuntsun teku ya tsaya cak a iska, daidai fuskata,
yana jiran gutsuren burodi.
Ban yanke shawara ba tukuna,
amma hannuna ya riga ya tafi hagu.