Malam Buɗe Littafi

Ni ke riƙe da littafin ɗakin mata a Shika,
biro shuɗi na masu shigowa, ja na waɗanda aka lulluɓe.
Duk Talatar farkon wata Lantana kan zo daga Tudun Jukun
da laima, ko babu hadari,
don ita rana ce ke cizon ta.
A kumatunta akwai wani ja mai fiffike biyu,
malam buɗe littafi take ce masa.
Likita ya ce lufus. Ta ce, "Na gane,
karen gida ne ya manta mai ba shi tuwo."

Sai korona ta shigo gari.
Aka datse Kwangila, 'yan acaɓa suka jingine babura.
Gado goma sha huɗu, uku kacal ke da ɗumi.
Wani babba ya leƙa littafina ya gyaɗa kai:
"Masu ciwon nan sun ragu."
Na haɗiye maganata.
Rufe bakin rijiya ba ya kashe ƙishirwa.

Ƙwayar da ta shekara bakwai tana sha
ta wayi gari maganin kowa.
Masu lafiya suka kwashe ta kwali-kwali,
mai kemis a Sabon Gari ya ce ko ya gani, ba na kuɗinta ba ne.
Ta kira ni da dare:
"Sista Ladi, da reza nake raba ƙwaya biyu.
An ce can wajenku cutar ta yi sheƙa.
In zo in kwasa, ko in zauna in kumbura?"
Kafin in samo amsa katinta ya ƙare.

Wata huɗu layinta fari.

Ranar da aka buɗe hanya, a keke aka kawo ta,
ƙafafu kamar turmi, silifa a hannun ƙanenta,
fitsari na kumfa kamar ruwan wanki.
Ƙoda ta gaji da jira.
Ta ja takunkumi ƙasa don in gane ta,
malam ya buɗe littafinsa har kunne.

Yanzu gado na shida nata ne.
Yana kusa da taga, na rataya zanena ya tare mata rana.
Na rubuta sunanta da shuɗi,
jan biron na tura can ƙasan aljihu.

To Hajo ta Wusasa fa? Kande ta Dogarawa?
Nasu layin har yau fari,
kuma fari bai iya gaya mini
ko sauƙi ne, ko likkafani.