Allo Biyu a Izmir

Wata huɗu aka ba ni, babu ƙari:
zango guda, ɗaki mai taga ɗaya a Bornova,
da katin jirgin ƙasa mai hotona ina zare ido
kamar wadda aka kama da satar amsa.

Da safe Farfesa Nurhan takan ja layi biyu a allo,
ɗaya ya gangaro, ɗaya ya hau,
inda suka gamu ta ɗiga jan ɗigo.
Nan, in ji ta, mai saye da mai sayarwa ke musabaha.
Na kwafe tsaf.
Sai dai ban taɓa ganin cinikin da ya faɗa
ba a sha "albarka" sau uku ba.

Da la'asar nakan sauka a Konak,
in kutsa lungunan Kemeraltı
inda ƙamshin gasasshen kifi ke kokawa da na gahawa,
in zauna kan kujerar da ƙafarta ɗaya ta gaji
wurin Kawu Dursun mai shayi.
Shi ma da nasa allon,
ɗan mitsitsi, rataye da igiyar leda,
alli a bayan kunne, tsumma a kafaɗa.

Makon farko, goma sha biyar.
Kafin wata ya mutu ya lashi babban yatsa,
ya goge biyar, ya dasa takwas.
Bai dube ni ba. A ƙeyarsa na ga kunyar.
"Sukari," ya ce. "Gas. Haya."
Da kalma uku ya rufe babi na bakwai
wanda Farfesa ta yi mako biyu tana warwara.

Ilinca, 'yar Moldoba da muke ɗaki ɗaya,
a bayan rasit take lissafinta,
ni kuwa a waya, tsakar dare:
naira ta koma dala, dala ta koma lira,
kowace ƙofa da mai gadinta,
kowane mai gadi da buɗaɗɗen tafi.
Akuya Yaya Sagir ya turo da hantsi,
zakara ne ya iso hannuna.
Ta yi dariya har ta ƙware da burodi,
sannan muka raba ƙwai ɗaya biyu.

A Nuwamba kuɗin suka maƙale a hanya.
Kwana goma sha tara.
Na daina bi ta lungun, ina zagaye ta wajen masu zinariya,
har ranar da ya tare ni da faranti a hannu,
ruwan sama na sauka cikin kofunan.
Ya buɗe wani littafi mai maiƙo.
Sunana ya ƙi alƙalaminsa,
sai ya rubuta: ɗaliba mai yawan tambaya.
Kowane kofi, kara ɗaya.

Na ci jarrabawa, ba da yabo ba, ba da fallasa ba.
Ana jibi zan tashi na je biya.
Allon ya kai ashirin da biyar.
Ya ƙirga karan nan, talatin da ɗaya,
ya buga su a kan goma sha takwas.
Na ce, da Turkancina mai ɗingishi:
Kawu, ka faɗi.
Sha takwas ɗin jiya ba ita ce ta yau ba,
akwai lissafinsa, shafi na ɗari biyu da shida.
Har na zaro biro.

Ya dafe littafin da hannu mai tabon ƙuna.
"Shayin da kika sha ya huce tuntuni.
A cikinki zai yi tsada?"

Wani ya ƙwala masa kira daga shagon takalma,
ya suri faranti ya tafi.
Allin ya faɗo daga kunnensa, ya karye biyu.
Na ajiye masa rabi kan teburin.

Ɗaya rabin, a filin jirgi,
ma'aikaciya ta juya shi a tafinta,
ta tambaye ni ko mene ne.
Layi ya yi tsawo a bayana
ina neman ta inda zan fara.