Tafintan Daren Laraba

A Aboabo, bayan babbar kwata, gidan Alhaji Bawa mai goro,
can na fara ganin mutum a cikin akwati.
Talabijin ne mai ƙafa huɗu, mai ƙyaure kamar kabad.
Ran Laraba bayan isha'i ake ciccibo shi,
a jingina shi da huhun goro, ya dubi tsakar gida.
Kafin ya yi ɗumi mun cika wuri.

Wasan 'yan jarida ne.
Ofis guda, tebur uku, fanka tana juyi da kasala,
waya tana kuka kamar akuyar da aka manta a turke.
Ga Mista Kwansa, edita mai tumbi da jan biro,
an dai ce ja ne, mu toka-toka muka gani.
Ga Boadu siriri, fensir a bayan kunne,
ga Sista Efuwa tana dukan tafireta
kamar tana bin ta bashi tun fari.

Turanci suke yi irin na Ankara, mai gudu,
namu kuwa bai wuce gaisuwa ba.
Sai Baba Isaka, tsohon mai gadin maɗaba'a a Adum,
wanda ya shekara sha tara yana kwana da ƙarar inji,
ya jawo kujera gaba, ya tofar da tuƙa,
ya ce, "Ku rufe baki in ba ku labari."

Boadu ya doki tebur.
"Cewa ya yi, siminti buhu ɗari uku ba ya tafiya da ƙafarsa."
Edita ya zare tabarau.
"Ya ce, yaro, wanda ya ci simintin shi ke sayo mana takarda."
Efuwa ta miƙe ta riƙe ƙugu.
"Ta ce in tsoro kuke ji, ku ba ni wandon!"
Mata suka sa guɗa, Adiza mai koko ta ɓarar da sikari.

Wani dare wuta ta ɗauke ana tsaka da faɗa.
Akwati ya haɗiye mutanensa, sauro ya karɓi fili.
Baba bai tsaya ba.
Cikin duhu ya ci gaba da fassara,
ya kai Boadu har ƙofar ɗan kwangila,
mu kuma ba wanda ya ce, "Baba, a ina kake gani?"
Kunne ya riga ya ji gishiri.

Na ƙarshe da muka kalla,
Boadu na hawa bene da ambulan a hammata.
Laraba ta dawo, aka sa mana masu noman koko.
Har yau yana kan matakalar nan, bai kai ba, bai sauko ba,
ba kuma wanda ya faɗa mana dalilin bari.

Na girma, na ci Turancin har ya gundure ni,
shekara talatin ina tsintar kuskure a shafin wasu.
Ran nan na je neman faifan.
Aka ce an shafe, an ɗauki ƙwallo a kansa.
Wani tsoho da ya riƙe kyamara a lokacin
ya yi dariya har da tari:
"Wane siminti? Boadu kuɗin haya ya dame shi,
ambulan ɗin wasiƙar neman Efuwa ce."
Ashe Turancin Baba na bakin ƙofa ne,
"tsaya" da "wane ne nan", iyakar jari.

Na koma Kumasi a motar dare.
Da asuba na bi ta bayan gidan Alhaji,
ga kwatar nan buɗe, yadda na bar ta,
wadda aka tara mana kuɗin rufewa ina ɗan shekara tara,
aka auna, aka kafa turaku, aka ce buhu ɗari uku.
Na daɗe tsaye, wari na dukan hancina.
Duk jaridun da na gyara ba wadda ta buga wannan.
Mai gadi ne ya buga shi, da baki, a duhu,
gaban Alhajin da aka damƙa wa kuɗin,
yana zaune a kujerar gaba, yana ɓare goro fari.