Baƙuwa a Aljihun Baduku

Ranar Alhamis na rabu da tsohuwar,
bayan shekara biyar da wata huɗu.
Batirinta ya kumbura kamar cikin akuyar da ta fasa buhun dusa,
sai an ɗaure ta da roba take yarda ta sha wuta.
Mutari mai teburi a bakin Kasuwar Dole
ya juya ta, ya ja tsaki,
ya ce, "Baba Lawali, bar wannan kamfanin, sauya gida."
Na ƙirga masa jika sittin da biyar,
har da kuɗin cefanen Juma'a a ciki.

Na fito da baƙuwa a aljihu,
doguwa, mai santsi kamar tarwaɗar Gidimuni.

Daren farko muka yi ta kallon-kallo.
Babban yatsana ya nufi kusurwar da ya saba komawa baya,
ya tarar an tashi daga nan.
Ya tsaya yana lalube
kamar wanda ya shigo Birni bayan isha
ya iske an toshe lungun gidansu.

Ta ce in ba ta zanen yatsa.
Na ɗora. Ta ce ƙara.
Na ƙara. Ta ce goge, sake.
Shekara talatin basilla da zare da ruwan bagaruwa
sun cinye abin da take nema.
Tsahara, autata, har da riƙe ciki:
"Baba, ta ce ba kowa a gidan."

Tsohuwar ta haddace bakina.
In na buga "ina", kafin in numfasa ta miƙo "wuni".
Wannan kuwa 'yar lakkwal ce, Faransanci ta sha.
Alhaji Ɓaidu na Agadas ya gaishe ni da dare,
na amsa masa "lafiya",
ta aika masa "la fille".
Da asuba ya kira yana tambayar wace yarinya.

Kukanta ma ban san shi ba.
Sau uku ta yi a rumfa ina ta saƙar igiyar jaka,
ina hararar maƙwabcina Ganda da ya ƙi ɗaukar wayarsa.
Ashe Rakiya ce ke nemana,
gawayi ya ƙare a gida.

Amma ido, a ba ta abinta.
Na ɗauki hoton jan alabe zan tura Maraɗi,
sai ga ramin kowane ɗinki,
har layin da ya karkace
ran da wuta ta ɗauke na ƙarasa da cocila a baki.
Ashe tsohuwar rufa mini asiri take yi,
komai dishi-dishi, komai ya yi kyau.
Na ajiye wayar, na warware layin,
ban ce wa kowa komai ba.

Kwana biyu cur ba ta nemi caji ba.
Wannan kam na yaba,
duk da ban faɗa a gabanta ba.

Lambobi sun ƙauro duka, har na waɗanda suka riga mu.
Abu ɗaya ya ƙi tahowa:
muryar yayana Ɗan Bako, daƙiƙa arba'in,
yana faɗa kan fatar da na saya da tsada,
yana tari, yana cewa sai ya shigo.
Mutari ya gwada, ya girgiza kai.
Don haka tsohuwar tana cikin gwangwanin allurai,
da robarta,
ba ta sayarwa ba ce.

Yau kwana na shida.
Yatsana ya fara gane hanya, yana kuskure ɗaya cikin uku.
Tsohon kube ya yi mata kaɗan,
kanta a waje kamar yaron da ya fi tabarmarsa.
Ɗazu na auna ta da zare,
na yanko fatar akuya mai laushi, ta wajen ciki.
Ban yanke shawarar launi ba tukuna.