Rumbu a Gadarif

Lissafin riɗi na shekara tara
yana cikin kwamfutar nan mai tari.
In na kunna ta da hantsi,
shayi kan huce kafin ta farka.

Na kai wa Mudassiru, bayan tashar Kasala.
Ya kwance kusoshi, ya kasa kunne,
ya ce rumbunta ya gaji.

Ya zaro sababbi biyu.
Ɗaya bai wuce yankan agashe ba,
ba igiya, a allo yake kwanciya,
gudu ko barewa albarka.
Ɗayan faffaɗa, da jar wutsiya.
"Wannan SATA ne."
Na dafe aljihu.
Ya yi dariya har gahawa ta ƙware shi.

Raina ya bi siririn.
Muka haska fitilar waya lungu-lungu,
babu ramin da zai karɓe shi:
an ƙera ta ba a san da zuwansa ba.

Ƙwarya ta bi ƙwarya.
Na ƙirga fam, na ɗauki mai wutsiya.

Da la'asar ta buɗe ido kafin in zauna.
Layin farko, Baba ne ya shigar:
buhu arba'in,
bashin da bai tsaya karɓa ba.