Awo

Shekara arba'in ina ɗinki a Ƙofar Guga,
ban taɓa sa almakashi a yadi ban auna mutum ba.
Ko tagwaye ne, kafaɗarsu ba ɗaya ba ce,
wani wuyansa ya fi, wani hannunsa ya zarce.

Amma da hawan jini ya kama ni bara,
ƙwayar da ƙanena Sallau yake sha na saya.
Shi ta zauna masa daram kamar hula,
ni kuwa ƙafa ta kumbura,
takalmi ya ƙi ni, feda ta gagare ni takawa.

Ranar Talata, a asibiti,
Likita Ramlatu ta juyo mini fuskar kwamfuta.
Ta ce, "Baba, ga ƙodarka cikin lambobi,
ga nauyinka, ga shekarunka, ga sukarin jini,
ga ciwon da ya kwantar da mahaifinka."
Ta buga sunan ƙwayar Sallau, allon ya yi ja.
Ta buga wata, ya koma ruwan ɗorawa,
ya ce a rage rabi, a sake duba jini bayan mako biyu.

Na ce, "Wa ke ciki yana ba ki shawara?"
Ta ce, "Dubban marasa lafiya da suka riga ka.
An tara abin da ya yi musu da abin da bai yi ba,
ita kuma tana nemo waɗanda suka yi kama da kai."
Na ce, "A cikinsu akwai ɗan Katsina?"
Ta ɗan yi shiru.
"Kaɗan ne, Baba. Shi ya sa ban gama da kai ba."

Sai ta ture allon gefe, ta dube ni.
"Me kake sha da asuba kafin ka fita?"
Na dubi silin, na dubi ƙasa.
Jiƙon kanwa ne, na ce, don ciwon baya,
sai goro biyu da hantsi,
sai azumin Litinin da Alhamis
wanda ban fasa ba tun rasuwar Inna.

Duk wannan na'urar ba ta sani ba.
Ba ta taɓa zama a kan benci a rumfata ba,
ba ta san ɗacin da nake haɗiya ba.
Likita ta shigar mata da su ɗaya bayan ɗaya,
lissafin ya sake, lokacin shan ya koma bayan magariba.
Ta karanta, ta yarda da biyu, ta ƙi ɗaya,
ta sa hannu da biro, sunanta ne a ƙasa.
"Kanwar nan kuma, Baba, a bar wa miyar kuka."

Yau wata uku ke nan. Takalmi ya karɓe ni.
Jiya Alhaji Mati ya aiko yaro da shadda,
wai in ɗinka da tsohon awonsa na littafi.
Na buɗe shafin, shekara shida da rubutawa.
Na naɗe shaddar, na miƙa wa yaron.
Na ce, je ka ce masa ya zo da kansa,
littafin ya san shi,
amma tef ɗin yana son ya gan shi.